Igiyar Awo da Burtalin Gaɓar Kanya

Na ji abin da kuka faɗa jiya a bakin gada, kada ku zaci kunnena ya mutu. Wai Baba Sale mai igiya ya ci bulus a duniya, aikinsa kawai ya ja igiya daga nan zuwa can, ya kafa turke, a miƙo masa goro. Wai yanzu ma mutum sai ya riƙe waya ya zagaya gona sau ɗaya, ta faɗa masa faɗinta. To, ban musa ba, wayar tana faɗar faɗi. Abin da ba ta faɗa shi ne inda za ka fara, kuma aikin duka a nan yake. Ku matsa mini in zauna, gwiwar nan ba ta son tsayuwa.

Aikin farko da na riƙe igiya a cikinsa rabon gadon wani lambu ne a bakin kogi, tsakanin 'yan'uwa uku. Maigidana Baba Tanko, Allah ya jiƙansa, shi ke gaba ina binsa. Igiyarmu ta rama ce, shi yake tufka ta da hannunsa. Tsawonta gaba goma sha biyu, gaba kuwa ita ce buɗewar hannu biyu na babban mutum, kuma a kan kowace gaba akwai ƙulli. Mun fita da sassafe, ni kuma don rawar kai na bar ta tana jan ƙasa cikin raɓa. Muka auna wa babba. Kafin mu zo kan ƙarami rana ta ɗaga, igiya ta bushe. Baba Tanko ya shafa ta, ya dube ni, ya ce in tuge turakun duka.

"Baba, ai daidai muka ja."

"Rama in ta jiƙe ƙanƙancewa take yi. Ka auna wa babba da gajeriyar igiya, za ka auna wa ƙarami da doguwa. Kai za ka tafi gida, su kuma 'ya'yansu za su daina gaisawa."

Muka zauna a inuwa har ta bushe ƙarau, muka sake daga farko. Tun daga ranar a kafaɗa nake ɗaukar igiya, ko ruwa ake yi a cikin riga nake sa ta.

Shekara guda cur bai bar ni na riƙe kan igiya ba. Yawo kawai yake yi da ni yana nuna mini gari, domin mai awo da bai san alamomin gari ba jan igiya kawai yake yi. Ku da kuka tashi a kan tudun nan kuna ce masa Gaɓar Kanya, ba ku taɓa tambayar ina gaɓar ba, ina kanyar? Garin asali yana can ƙasa, dab da ruwa, inda yanzu ake dasa albasa. Kanyar tana tsaye a kan gaɓa, a gindinta ake jiran kwalekwalen fito ranar kasuwar Bunkure. Daga yamma da ita akwai kukar marina, da ramukan rini a zagaye da ita, waɗanda tun ina yaro sun riga sun mutu, kwaɗi ne kawai a ciki. Sai guntun ganuwa, wadda kuke ce wa tudun awaki. Bayan ganuwar maƙabarta ce, ita kaɗai ce har yau ba ta matsa ba. A bakin kogi kuwa jigo ne jere, tsofaffi suna ɗebo ruwa guga-guga suna ba 'yan fangalin albasa da ba su fi tabarma biyu ba. Da rani kogin nan rairayi ne, sai ka tona kafin ka ga ruwa.

Sai aka datse kogi can sama, aka zo da aikin noman rani. 'Yan safiyo suka yi ta kafa jajayen tutoci, katafila ta biyo baya. Kukar marina kwana biyu ta yi tana gardama da su kafin ta faɗi. Aka tayar da gari aka hau tudu, aka ja babban kanal ta gindin tudun, aka fitar da ƙaramin kanal na siminti daga jikinsa ya gangara wajen kogi. Ruwa ya zo, ba na ƙin faɗa, arziki ya zo tare da shi. Wanda a da yake tafiya cirani ya zauna gida. Amma ƙasa ta yi daraja irin wadda ba mu saba da ita ba, taku ɗaya ya zama abin da ɗan'uwa zai kai ɗan'uwa gaban dagaci a kansa.

Ban da kanya da ganuwa da maƙabarta, abu ɗaya ne katafila ta bari kamar yadda ta same shi, shi ne burtali, hanyar da shanu ke bi su sha ruwa. Fulanin rugar bayan tudu sun girmi masallacin Juma'armu a wurin nan. Tun zamanin kakanni aka yanka musu hanya daga ruga har mashaya, kusa da kanyar, faɗinta igiya guda cur, an dasa gamba a gefe da gefe. Saboda ita aka yi wa babban kanal gadar da kuke zama a kai. Gonaki suna hagu da dama da ita: na gabas sun tashi daga ƙaramin kanal sun tsaya a burtali, na yamma sun tashi daga maƙabarta sun tsaya a burtali. Da yake gamba tana iya ƙonewa, sai mutanen dauri suka binne tuluna cike da gawayi a ƙarƙashin iyakar, don gawayi ba ya ruɓewa. Baba Tanko ya nuna mini inda kowane yake. Na gabas yana daidai inda, in ka tsaya, kanya za ta rufe maka ƙarshen ganuwa.

Ranar da ya fara miƙa mini kan igiya, a wata gona ce ta gabas. Na nufi bakin kanal zan kafa turken farko, don siminti ne, miƙaƙƙe, ba mai musu a kansa. Ya daka mini tsawa, ya ja ni har ɗaya gefen.

"Daga burtali ake farawa. Ka fara cire masa igiyarsa guda, ka kafa turke, sannan ka auna ka shiga ciki. Abin da ya rage shi magada za su raba, ko ya yi musu daɗi ko bai yi ba."

Na ce me ya sa.

"Kowace gona tana da mai zuwa ya yi maka ihu. Burtali ba shi da kowa a wurin ranar awo."

Haka na yi shekara da shekaru bayan rasuwarsa, kuma na ga masu gona kala-kala. Akwai wanda zai aiko maka da kwandon tumatir ana gobe awo, ba tare da ya ce komai ba. Akwai wanda zai tsaya yana gaishe ka, ina gida ina iyali, alhali diddigensa yana ture turke a hankali. Akwai 'yan'uwan da za su yi ta kai zaɓi, a'a yaya kai zaɓi, su ne kuwa za ka ji su a kotu kafin kaka. Mata sukan aiko wakili, amma na fi son wadda za ta zo da kanta ta tsaya a kan kunya, don ita ba ta dawowa ta ce an cuce ta. Duk wannan bai taɓa kayar da ni ba. Abin da ya kayar da ni ruwa ne.

Shekarar da kogi ya yi ambaliya, wasunku suna goye. An yi kwana da kwanaki ana ruwa, kogin da muka saba gani a kwance ya haye gaɓa ya shafe fadama gaba ɗaya. Da ya janye, ba kunya, ba gamba, ba turke, rairayi ne shimfiɗe fari fat tun daga maƙabarta har kanal. Shinkafa ta tafi. Mutane sun rasa damina, idonsu yana kan rani, kuma ba mai iya yanka fangali sai ya san inda gonarsa ta tsaya. Kullum na buɗe ƙofa sai in tarar da mutum goma a zaune. Lokacin dashen tumatir yana wucewa, kowa yana cewa ni ne na riƙe shi.

Gonar Malam Audu ce ta farko, a gefen gabas. Ya ce gonar ubansa igiya bakwai ce daga kanal zuwa burtali, kowa ya sani, aka kuma shaida. Gaskiya ya faɗa, amma tsohon lissafi ne na kafin a ja ƙaramin kanal, wanda ya ci kusan gaba biyu daga gonar. Muddin gamba tana tsaye, ba wanda ya damu da wannan, a baki ne kawai ake cewa bakwai. Yanzu babu gamba, sai maganar baki. Abin da ya kamata in yi na san shi: in nemo tulu, in tona rairayin da ya kai ƙugu, in fara daga can. Aikin yini biyu ne, ga mutum tara suna jira a bayana. Kanal kuwa ga shi a fili, a gefen gabas shi kaɗai ne abin da ruwa bai binne ba. Na kafa turke a bakin siminti na ja bakwai cif. Na ce a raina, gaba biyu a cikin goma sha biyu, saniya ba za ta sani ba.

Maƙwabcinsa ya ce a daidaita masa layi da na Malam Audu, kada gonarsa ta shige ciki. Na daidaita. Na gaba da shi ma haka, har bakin kogi. Da na koma yamma, suka ce sun ga abin da aka yi wa gabas, su ma daga katangar maƙabarta za a fara musu, ai ba a taɓa makwancin mamata. Haka na auna musu. Ni na buɗe ƙofar. A wannan rani na auna gonaki fiye da na kowace shekara, aka yi ta sa mini albarka, wai na ceci gari.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma hannu in ya saba da siminti ba ya komawa tono. Duk rabon gadon da ya biyo baya daga kanal nake farawa, kuma duk inda rabo ya ƙi cika, ɗan abin da ya rage a burtali ake cike shi. Rabin gaba yau, taku ɗaya baɗi. Ba wanda ya sake dasa gamba. Mai kunya ma in ya zo gyara, fartanyarsa waje take karkata, ba ciki ba.

Arɗo Buba, shugaban rugar, sa'ana ne. Tare muka yi iyo a mashaya muna yara. Kaɗo yake ce mini, yadda Fulani ke tsokanar Bahaushe, ni kuma in ce masa mai gudun fartanya. Shekaru yana wucewa ta ƙofar gidana bai taɓa ɗaga maganar ba, sai dai na lura garken da a da yake gangarawa a baje ya koma bi ɗaya bayan ɗaya, da makiyayi a gaba da wani a baya suna ta duka don kada wata ta kai baki gonar mutane. Daga baya har takunkumi suka fara ɗaura wa masu kwaɗayin cikinsu. Duk da haka ba a rasa ƙara a gaban dagaci, yau an taka albasa, gobe an ci masara. Da abin ya ishe su suka koma shayarwa a babban kanal a sace, abin da aka hana. Gefen kanal siminti ne mai gansakuka. Wata karsana mai ciki ta zame ta faɗa, ruwa ya ja ta ya cusa ƙarƙashin gada. Kafin a fito da ita ta mutu, ba a ko samu yankawa ba.

Kashegari da hantsi ya zo ya same ni ina gyaran ƙulli a zaure. Bai ce Kaɗo ba.

"Malam Sale, burtalin nan igiya nawa ne?"

"Guda ne, Arɗo."

"To ɗauko ta mu je."

Muka je, ya riƙe kai na ja. Ƙulli uku, igiya ta taɓa albasar wancan gefe. Sauran tara suna tare a hannuna. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, don bai tambaye ni wanda ya yi ba.

Ya kai magana gaban dagaci, aka ce wa zai nuna iyakar asali. Na ce ni. Aka sa rana, gari ya fito. Na yi ta matsawa ina duban kanya har ta rufe ƙarshen ganuwa, na duba ƙasa, sai ga ni tsaye tsakiyar fangalin albasar Haruna ɗan Malam Audu, wanda ya gaji gonar. Na roƙe shi ya bari a tona. Aka tuge albasa, aka yi ta haƙa har rami ya kai ƙirji, wasu har sun fara cewa tsufa ya taɓa ni. Sai shebur ya daki abu. Tulun ya fashe, amma gawayin yana nan baƙi ƙirin kamar jiya aka zuba. Daga ramin zuwa turken Haruna gaba biyar ne.

Haruna bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi, "Baba, turken nan fa kai ka kafa mini shi da hannunka ranar rabonmu. Ni ban san wata iyaka ba sai wadda ka nuna mini. In aka cire gaba biyar, a kan me zan tsaya, ni da ƙannena huɗu?"

Na ce, "Gaskiyarka. Kuskuren nawa ne, tun daga kan mahaifinka."

Na faɗa a gaban kowa, ina zaton faɗar za ta gyara wani abu. Dagaci ya jinjina kai, ya ce magana ta fito fili, burtali igiya guda ne, za a mayar. Sai dai ba a ɓarnar abinci, a bari a cire albasa tukuna. Arɗo ya ce ya yarda.

Ku 'ya'yan noman rani ne, kun san abin da wannan yake nufi, Arɗo ne bai sani ba. A da, gona tana da lokacin da take zama fili, daga kaka har faɗuwar ruwa, shanu ma a ciki suke kwana suna zuba taki. Ƙasar kanal ba ta zama fili. Kafin a cire albasa an soka masara a kan kunya. Kafin masara ta bushe an yafa irin shinkafa a gefe. Ana yanke shinkafar wannan, tumatirin wancan ya yi fure. Gona goma sha wani abu ce a kowane gefe, ba ranar da duka za su zama babu amfani a kai. Sau uku ina ɗaukar igiya da turaku ina gangarawa, sau uku ana cewa Baba a ɗan ƙara haƙuri, saura mako biyu. Arɗo ya zo na farko, ya zo na biyu. Na uku ni kaɗai na tsaya a rana har azahar. Ramin tulun ma an cike shi an dasa barkono.

Bara da kaka Arɗo ya aiko a kira ni. Na tarar an kwance rabin bukkoki, mata suna ɗaure ƙore. Ya sayar da filin rugar ga wani mai injin shinkafa daga Kura, za su bi 'ya'yansa da suka riga suka yi kudu da yawancin garken. So yake a auna. Na ce ya kira yaran nan masu waya, sun fi ni sauri. Ya ce a'a, ni yake so. Shi da kansa ya riƙe mini kan igiya, tsoho da tsoho muna ta ja muna hutawa muna kiran ƙulli. Da muka gama, mai sayen ya nuna wajen gada ya ce, "Hanyar nan da ta gangara kogi fa, tana cikin cinikin?"

Arɗo ya sake kan igiyar ya karkaɗe hannunsa. "Tambayi mai igiya, Alhaji. Shi ya san inda ya kai ta."

Ba da zafi ya faɗa ba. Ya ma raka ni har bakin hanya, ya sa aka ba ni ƙwaryar nono, muka yafi juna kamar yadda ake yi. Bayan kwana uku suka tashi. Ban fita na gani ba.

Wata biyu da suka wuce, mutanen gabas da na yamma suka tashi yi wa juna rotse a kan abin da ya rage, tunda babu saniyar da za ta sake bi. Kowa yana cewa nasa ne, har an fara ɗaga fartanya. Dagaci ya aiko a ce in zo in raba. Na so in ce ba ni da lafiya, kuma da ba ƙarya na yi ba, amma da ban je ba da an zubar da jini. Na saɓa igiya na gangara. Na tsaya a tsakiyar burtalin, kanya tana gabana. Na buɗe hannu sau ɗaya na ba gabas, na buɗe sau ɗaya na ba yamma, ya ƙare. Igiyar ko sauke ta daga kafaɗa ban yi ba.